Ƙyauren Katakon Dogo

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki irin gaisuwar da aka koya mana a aji huɗu, wadda ake farawa da tambayar lafiya, sannan a tambayi mutanen gida. Tambayar lafiya dai ta wuce tsakanina da ke. Mutanen gida kuwa, yanzu ni ce zan ba ki labarinsu. Yau kwananki hamsin da uku. Na san akwai masu leƙen wasiƙar da ba tasu ba. Su leƙa, ke ma ba ki taɓa rage murya don maƙwabta ba.

"Bayan la'asar za su iso, mijinki da kawunsa," in ji Yaya Lawal jiya da safe. Yana tsaye a bakin ɗakinki, bai shigo ba. Mutum mai furfura, mai 'ya'ya bakwai, har yau ba ya ƙetare dokin ƙofar nan sai an ce masa ya shigo. Ni kuwa ina zaune a bakin gadonki ina ɗaure igiyar takalmi.

Ya ce ba korata yake yi ba, gidan ubana ne. Amma mutane sun fara tambaya. Macen da ta zo sadakar arba'in ta ƙara kwana goma sha biyu ba ta koma ɗakin mijinta ba, zaman nan yana da wani suna. Na tambaye shi wane suna. Ya ce ai na fi shi boko. Sai ya dubi takalman, ya tambaya ko farauta za ni.

Bari in faɗa miki abin da ban faɗa miki ba kina da rai, tunda a lokacin numfashi ma aiki ne a wurinki.

Kin tuna aikin koyarwar nan na Zariya da na nema, wanda kika ce in dage da addu'a? Sun ba ni. Takardar ta shigo imel ɗina a makon da aka kwantar da ke karo na biyu, ina nan Funtua ina juya ki a gado. Maigidan nawa, Baban Amira, ya san lambar sirrina, don ni na ba shi shekarun baya, ranar da nake son ya fitar mini da wata takarda. Ya ga saƙon, ya karanta, ya amsa. Ya rubuta musu da sunana cewa na gode ƙwarai, amma saboda hidimar iyali ba zan samu damar karɓa ba. Turancin ya yi kyau. Har ya sa hannu irin yadda nake sawa.

Ban sani ba sai ranar sadakar uku, da wata tsohuwar abokiyar karatuna ta zo gaisuwa, ta ce sun yi mamakin yadda na ƙi. Da na tambaye shi, bai musa ba, bai kuma ji kunya ba. Ya ce ya ga kaya sun yi mini yawa ne ya sauke mini ɗaya. Kin san shi, Inna. Ba ya zagi, ba ya tsawa, bai taɓa barin mu da yunwa ba. Mutum ne mai son sauke wa mutane kaya, ko da kayan nasu ne, ko da sun sha wuya kafin su ɗauka.

Na koma Abuja, na dawo arba'in, na zauna. Ya yi ta waya ina cewa ina gyaran ɗakinki. Ɗakin da ke kanki kin san kwano goma sha wani abu ne da akwati biyu.

To jiya na sa takalmi. A Abuja muna da ƙungiya, duk Asabar muna hawan duwatsu. Likitoci ne da ma'aikatan banki da matan manya. Mu hau mota mu je gindin dutse, mu hau, mu ɗauki hoto, mu sauko, mu koma mota. Da na taɓa ba ki labari kika ce, "Allah sarki. Kuma ba abin da kuke ɗaukowa a saman?" Tun ranar ban sake ba ki labarin ba.

Na ce wa Yaya Lawal layin dogo zan bi zuwa bakin dam in dawo. Ya ce zamanin nan ba a yawo a bayan gari. Na ce kaka ce, gonaki cike suke da mutane, kuma ba zan wuce ruwan ba. Ya ce in dawo kafin azahar in yi wanka in sa kayan mutane. Na saɓa jakar goyo, na ɗora hular rana a kan mayafi, na fita.

Tasha tana nan yadda kika bar ta, sai abin da ya ƙaru na tsatsa. Awaki sun mai da ƙarƙashin wani tsohon tarago gidansu. Mata sun shanya barkono a kan dandamalin da mutane ke jiran jirgi a da, ja wur, har yana shiga hanci. Ban tuna rabon da in ji kukan jirgi a garin nan ba. Dogon dai bai je ko'ina ba, yana kwance, ya miƙe ya bar gari ya shige cikin dawa.

Minti goma da hawa layin na gane abin da ban gane ba shekara arba'in. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan da aka gicciya a ƙarƙashin dogo ba ta kai taku ɗaya ba, taka biyu kuma ta wuce ƙafa. Dole mutum ya riƙa ɗan gajeren taku, da sauri-sauri, kai a ƙasa. Inna, tafiyar Baba ce. Ita ce tafiyar da nake jin kunya in ya zo makaranta ranar ziyara, ƙawaye suna cewa babanki kamar mai bin kaza. Na ɗauka halitta ce. Ashe shekara talatin na bin layi da doguwar guduma, yana ƙwanƙwasa ƙarfe yana saurare, su suka yanke masa taku. Har masallaci da tazarar reluwe yake zuwa.

Da zai ga layin yanzu, da ya zauna ya yi kuka. 'Yan gwangwan sun kwance notuna. A wani wurin masara ta hau har kan tsakuwa. A wani wurin kuma ƙasa ta binne dogon gaba ɗaya, sai dai mutum ya bi shi da zato har ya sake ɓullowa. Ƙarangiya ta cika mini safa tun ban yi nisa ba.

Na farko da ya tare ni mai babur ne, a inda hanyar ƙauye ta ƙetare layi. Ya tambaya ko mota ce ta lalace. Na ce a'a, tattaki nake yi. Ya tambaya zuwa ina. Na ce babu ko'ina, in je ne in dawo. Ya dubi jakar da ke bayana, ya dubi fuskata, sai ya sassauta murya ya ce, "Hajiya, a dai yi haƙuri. Zaman duniya ne." Ya ja babur ɗinsa.

Na biyu wani dattijo ne yana yankan dawa. Bai ma tambaye ni komai ba. Ya miƙe da lauje a hannu, ya ce in dubi girman Allah in dubi 'ya'ya, mu maza sai a hankali. Na gaya masa likita ne ya ce in riƙa motsa jiki. Ya ce haka ne, haka ne, kowa da abin da yake cewa.

A nan na fahimta. A Abuja mace da jakar goyo da takalmin dutse 'yar gayu ce mai kula da lafiyarta. A kan layin nan, mace ita kaɗai da sassafe, da kaya a baya, ba ta bi titi ba inda za a gan ta, abu ɗaya take yi. Yaji. Na yi dariya ni kaɗai har na tsaya na dafa gwiwa. Ina da digiri biyu, ɗaya ma a kan zamantakewar al'umma ne, ga manomi da lauje ya karanta ni daga nisan kunya goma. Na ce a raina sun yi kuskure. Na ci gaba da tafiya ina neman inda kuskuren yake.

Ruwan ba ya sallama, kawai dawa ce take ƙarewa sai ga shi. Bana dam ya cika ya tumbatsa, har ya zo yana lasar gindin tudun da aka ɗora layin a kai. Kusan rabin awa dogo da ruwa suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Ga bado ya rufe gefe, ga balbelu a kan wani busasshen itace da ruwa ya ci, ga masunta biyu a kwale-kwale suna jan raga ba mai ce wa wani uffan. Iskar wurin daban ce, tana da sanyi da ƙarnin kifi. Agogon hannuna ya yi ƙara yana taya ni murnar cika taku dubu goma. Wasu mata masu wanki suka ɗago suka bi ni da kallo, na ji ɗaya tana cewa ko goyo babu, ta bar su ke nan.

Kin sha gaya mini mun taɓa zuwa ganin ruwa ni da ke, ina goye. Haka kike faɗa, ganin ruwa, kina tsince shinkafa, ba ki ɗago kai. Ban taɓa tambayar me zai sa matar lebura mai jego ta yi tafiyar awa biyu da rabi don ta ga ruwa ba. Ni da nake alfahari da iya tambaya.

Bayan wani ɗan kadarko akwai tsofaffin ɗakunan leburorin reluwe, guda huɗu a jere, uku sun rufta. A gaban na huɗun wata tsohuwa tana zaune a kan turmi tana ɓarar gyaɗa, da ɗan gicciye na ƙarfe a wuyanta. Ban yi niyyar tsayawa ba. Ita ta kira ni. Ta ce, "Ke mai jaka, zo ki sha ruwa. Wanda ya ɓata miki rai ba zai gudu ba."

Na ce ina da ruwa a gora. Ta ce wannan na tafiya ne, nata na zama ne. Na zauna.

Sunanta Iya Saratu. Mijinta shi ne helman leburorin wannan yanki, wato shugabansu, ya daɗe da rasuwa. 'Ya'yanta sun yi sun yi ta koma Malumfashi wurinsu ta ƙi, ta ce ba ta iya barci inda ba ta jin ruwa. Idonta ya yi rauni, amma bakin lafiya lau. Na yi mata bayanin tattaki da motsa jiki da hawan jini. Ta saurara har na gama, sannan ta ce ita shekara hamsin tana zaune a bakin layin nan, mata iri-iri sun wuce ta gabanta, kowacce da sunan da take ba tafiyarta. Wata gidan suna za ta, wata ganye take nema. Mai hawan jini dai ni ce ta farko.

Ta tambaye ni 'yar gidan wa. Na ce Malam Garba na reluwe, a Funtua. Hannunta ya tsaya a cikin gyaɗar.

"Garba Guduma? Mijin Hansai?"

Rabon da in ji an kira sunanki haka tsirara, ba Inna ba Hajiya, na manta. Na ce eh. Ta jawo fuskata kusa da tata ta duba, ta ce, "To ke ce mai ƙurji a ƙeya. Kwana biyar kina yi mini fitsari a tabarma."

Sai ta tambayi lafiyarki. Na gaya mata. Ta share ido da bakin zane, ta yi miki addu'a irin tasu, na ce amin irin tamu. Daga nan ta ba ni labarin ganin ruwa.

Ta ce lokacin kuna gidan gandu, ku da ƙannen Baba da matansu. Ɗakinki yana da ƙofa, amma ba shi da ƙyaure, asabari ne kawai. Baba kuwa mutum ne mai kyauta, musamman da kayan da ba nasa ba. Wanda ya rasa gishiri, ɗakin Hansai. Wanda zai yi baƙi, tabarmar Hansai. Kina haƙuri. Sai shekarar da kika zauna kika zaɓi irin gyaɗa da hannunki, ƙwaya-ƙwaya, kika adana a tulu kika liƙe bakin, za ki shuka a ɗan filin da kawunki ya ba ki. Kika je suna kika dawo, tulu wayam. Baba ya ba ƙaninsa ya shuka. Da kika yi magana ya ce ai duk gida ɗaya ne.

Washegari, bayan ya fita aiki ta gabas, kika goya ni kika bi layi ta yamma. Garinku yana gaba da dam. Iya Saratu ta ce da kika zauna shan ruwa a inda nake zaune, ta tambaye ki ko gida za ki. Kika ce da can za ki, amma kin yi tunani a hanya. In kin isa, mahaifinki ko zama ba zai bari ki yi ba, zai ce ki yi haƙuri ya haɗa ki da mai rakiya kafin la'asar. Kika tambaye ta ko tana da wurin da mutum zai shimfiɗa tabarma.

Kwana biyu ba wanda ya zo. Ta ce kina taya ta daka, kina wanke mini ƙurji, amma duk motsin da aka yi a kan tsakuwa sai kin ɗaga kai. Rana ta uku sai ga Baba da gudumarsa, ya zo biko shi kaɗai, don kunya ta hana shi gaya wa kowa inda kike. Ya tsaya a waje ya fara jero haƙuri. Helma yana taya shi. Ke kuwa daga cikin ɗaki, ba ki ko leƙo ba, kika ce:

"Ni ba haƙuri na rasa ba, ina da shi. Ƙyaure nake so, da kwaɗo, makulli a hannuna."

Helma ya yi dariya har da tari, ya ce bai taɓa jin yaji mai araha irin wannan ba. Amma Baba bai yi dariya ba, ya san abin da ƙyaure zai jawo masa a gidan da ba ɗakin da ke da shi, har na mahaifiyarsa. Akwai tsofaffin katakan da aka cire daga kadarkon nan aka jingine, helma ya ce ya ɗauka. Kwana biyu, in ya tashi aiki, yana nan yana fama da zarto, katako mai tauri kamar ƙarfe, hannunsa duk ya yi kanta ya fashe. Kina ciki kina jin ƙarar zarton, ba ki fito ba, amma kullum ke kike zuba masa tuwo ki ba Iya Saratu ta miƙa.

Rana ta biyar ya yi gammo ya ɗora ƙyauren a ka. Kika goya ni kika bi bayansa. Ta ce ta tsaya a nan tana kallon ku har kuka ɓace, shi a gaba da ɗan gajeren takunsa, ƙyaure yana rangaji, ke a baya ba ki ce a taimaka masa ba. Damina ce, kowa yana gona. Babu wanda bai ga Garba Guduma ɗauke da ƙyauren matarsa ba. Ta ce an yi shekara ana tsokanarsa da shi.

Inna, ƙyauren nan na girma ina jin haushinsa. Ya fi ƙarfin ɗakin. Sai an ɗan ɗaga shi kafin ya rufu. Da zafi yana warin kwalta. Ramukan notin da ke jikinsa, waɗanda kike toshewa da auduga don kada mu leƙa, na ɗauka gara ce ta ci. Sau nawa na ce zan sa a canza miki da na zamani, kina cewa a bar shi, bai gaji ba. Na kuma tuna kwaɗon da kika sa a cikin kayan ɗakina ranar da za a kai ni, sabo fil a kwalinsa. Na yi dariya na ce gidan da za ni kowace ƙofa da makullinta. Kika ce, "Riƙe dai." A jikin akwatin tafiya na ƙarar da shi.

Na daɗe ina ba da labarinki a matsayin mace mai haƙuri, irin matan da. Har a wani taro na taɓa kawo ki misali, da tausayi a muryata. Ki yafe mini wannan.

Iya Saratu ta tura mini gyaɗa a faifai ta ce in sa hannu, ba a jin labari da hannu a zube. Muna ɓara ta tambaye ni, "To ke me kike so a ba ki?"

Na fara yi mata bayani. Na yi maganar mutuntawa, da 'yancin mutum a kan rayuwarsa, da yadda aure ya kamata ya zama shawara. Ta bar ni na kai aya. Sannan ta ce duk ta ji, kuma da kyau, amma wanne ne a ciki mutum zai iya ɗorawa a ka ya kawo? Ta ce uwarki da ta zo nan ba ta san bihim ba, amma ta san abin da take so, har faɗinsa da tsawonsa. Wadda ta san abin da take so, ita ake biko. Wadda ba ta sani ba, ko an zo sai dai a yi ta zuba mata haƙuri har ta gaji ta bi su, ko ta gaji ta ƙi.

Na kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga cinyata, na miƙe. Na yi mata sallama, ta cika mini aljihun jaka da gyaɗa, ta ce in gaida mai laifin.

A hanyar dawowa rana ta take, ruwan ya koma fari kamar kwano. Ban ga balbela ba, ban ji agogo ba. Ina ta lissafin abin da za a iya ɗorawa a ka. Lambar sirri na riga na canza tun tuni, shi bai ma lura ba. Aikin kuwa ba a hannunsa yake ba, wataƙila sun ba wani. In ya ce ya tuba, zai faɗa, ya iya faɗa, da Turanci mai kyau. Sai da na hango rufin tasha sannan na samu. Dattijon mai lauje yana nan, da ya ga na juyo ya ɗaga hannu ya ce Alhamdu lillahi, Allah ya yi miki albarka. Na ce amin.

Sun iso bayan la'asar kamar yadda aka ce. Na yi wanka na sa kayan mutane. Aka zauna a zaure, Yaya Lawal da kawun Baban Amira a kan tabarma ɗaya, shi a gefe yana kallon ƙasa, ni a bakin ƙofar cikin gida. Kawu ya yi magana mai tsawo, mai daɗi, babu abin da za a cire a ciki. Na ƙirga haƙuri goma sha ɗaya. Da ya gama aka ce ko ina da magana.

Na ce, "Kawu, abu ɗaya ne. Ya je Zariya da ƙafarsa, ya shiga ofishin mutanen nan, ya gaya musu da bakinsa cewa ba ni na rubuta takardar nan ba, shi ne. Su ba ni aikin ko kada su ba ni, wannan nasu ne. Ranar Litinin ƙarfe goma zan tsaya a bakin ƙofar makarantar."

Baban Amira ya ɗago. Ya ce ai zai iya rubuta musu. Na ce rubutun ne ya kawo mu nan. Ya ce mutum kamarsa ya je ya tsaya gaban baƙi ya ce ya yi sojan gona da sunan matarsa, ina zai sa fuskarsa? Yaya Lawal yana ta yi mini ido. Kawu ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce shi dai da aka taso shi ya ɗauka abin da za a nema ya fi haka yawa, kuma da ya ji, ya ga ya fi abin da ya zata nauyi. Suka tashi ba a yanke komai ba. Da zai shiga mota Baban Amira ya tsaya kamar zai ce wani abu, sai ya tambaya ko ina buƙatar kuɗin mota. Na ce ina da shi.

Ban san ko zai zo ba, Inna. Shekara goma sha shida muna tare, na san yadda yake son shayinsa, na san tarinsa a cikin taron mutum ɗari, amma wannan ban sani ba. Ina so ya zo. Wannan ma ban faɗa wa kowa ba sai ke. Ina jin ke ma a kwana biyun nan na farko, kina daka a gidan mutane kina sauraren tsakuwa, ba ki sani ba.

Yau da safe Yaya Lawal ya ce tunda za a gyara ɗakin, zai sa a cire tsohon ƙyauren a sa na ƙarfe. Na ce ya bar shi, bai gaji ba. Ya dube ni wani iri. Na ce in ya samu lokaci ya sayi takalmi ya bi layi zuwa bakin dam, akwai mai ba shi ruwa.

Allah ya jiƙanki, Inna. Allah ya yalwata miki makwanci, ya sanyaya shi kamar iskar bakin ruwan nan. Allah ya jiƙan Baba, ya saka masa da kowane taku da ya yi da kaya a ka. Allah ya sa inda kuke babu mai shigo muku sai da sallama. Iya Saratu kuma Allah ya ba ta lafiyar ido, ya sa ta gama lafiya.

Na naɗe tabarmarki, na kife kwanukan. Makullin yana inda kike ajiye shi, a cikin gwangwanin allura. Na fito da jakata, na kama ƙyauren da hannu biyu, na ɗan ɗaga shi yadda kika koya mana, ya rufu da wannan ƙarar tasa da duk gidan ke ji. Na datse kwaɗon. Makullin yana wuyana. A tashar mota nake ƙarasa miki wannan, motar Zariya saura mutum ɗaya ta cika.

Taki,
Dije, mai ƙurji a ƙeya.